Lissafin Faranti Da Lissafin Allo

Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da littattafan lissafi na firamare. Rannan na buɗe na 'yar maƙwabciyata, 'yar aji huɗu, sai ga tambaya: wai an sayi lemo kwabo 35, an ba da naira ɗaya, nawa ne canji? Don Allah yaushe yarinyar nan ta taɓa riƙe kwabo? Ko tsabar da Babban Banki ya fitar a 2007 ba ta karɓu a kasuwa ba.

Ita kuwa kullum da safe tallan ƙosai take yi. Ka ba ta ɗari biyar ka ɗauki na ɗari da hamsin, kafin ka rufe baki ta miƙo maka ɗari uku da hamsin. Amma a aji sifili take ci, har ana ce mata daƙiƙiya.

Koyar da lissafi da kuɗi dabara ce mai kyau, ban musa ba. Laifin marubutan shi ne ba sa leƙa gidajenmu. Ga adashi: mata goma, zubin kowace dubu biyu a mako, nawa ne kwasa? Ninkawa ke nan. A cire kuɗin wake da mai, nawa ce ribar ƙosai? Ɗebewa ke nan.

In aka ci gaba da ce mata daƙiƙiya, gobe uwarta za ta ce faranti ya fi allo amfani, ta cire ta. Allah Ya ganar da mu, amin.