Gwanintar Gudu Cikin Rigar Santa a Sanyin Liverpool

Duk shekara, da safiyar wata Lahadi a farkon Disamba, dubban mutane kan yi cincirindo a Pier Head, bakin kogin Mersey a birnin Liverpool na ƙasar Ingila. Kowa na sanye da riga da wando da hula irin na Santa, tsohon nan mai farin gemu da Turawa ke dangantawa da kyautar Kirsimeti. Sunan taron Santa Dash. An fara shi a 2004, tsawonsa kilomita 5, kuma da yawa daga cikin masu gudun suna yi ne don tara kuɗin taimakon marasa lafiya da mabuƙata. Mafi yawansu ja suke sawa, amma akwai masu shuɗi, domin magoyin bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Everton na gaske ba ya yarda a gan shi da jan launin abokiyar hamayya, ko da ranar biki ce.

Mai kallon hoto zai ga raha da annashuwa kawai. Ni abin da ke burge ni shi ne dabarar da ke ƙarƙashin rigar, domin mai wannan gudu da abokan gaba biyu yake fama a lokaci guda: sanyi daga waje, zafi daga ciki.

Sanyin Liverpool ba irin hunturunmu ba ne mai busar da leɓe. Sanyi ne mai danshi, ga iska daga teku, ga yayyafin da kan sauko ba sallama. A irin wannan safiya ma'aunin zafi ba kasafai yake kai maki 10 ba. Sabon shiga yakan ji tsoro ya jibga kaya hawa-hawa. Kafin ya ci kilomita ɗaya ya jiƙe sharkaf da gumi, saboda mafi yawan ƙarfin da tsoka ke ƙonawa zafi yake komawa, kuma yadin rigar Santa ba ya barin iska ta ratsa sosai. Da zarar ya tsaya, jiƙaƙƙen kayan nan su ne za su zuƙe ɗumin jikinsa, domin ruwa ya fi iska saurin janye zafi nesa ba kusa ba.

Gwani ya san wannan, shi ya sa yake shiri tamkar yanayin ya fi yadda yake ɗumi. Yakan sa 'yar riga marar nauyi mai manne wa jiki, ta yadin 'yan wasa ko ta ulu, wadda ke fitar da gumi waje. Auduga kuwa ba ta kusantar fatarsa, don ita shan ruwa take ta riƙe. Ya yarda ya ɗan ji ɗari a wurin tashi, ya san minti goma na farko za su biya shi. Inda ba ya wasa shi ne yatsu da kunnuwa, domin jiki kan rage jinin da ke zuwa can idan sanyi ya matsa. Safar hannu ce maganin, in ya ɗumama ya cire ya cusa a ƙugu.

Sai kayan adon kansu, waɗanda ba a ɗinka su don gudu ba. Wandon yakan yi wa mutum yawa, don haka tun daren jiya gwani ya gwada shi, ya ƙara masa mazagi, ya naɗe ƙafafun kada su shiga ƙarƙashin takalmi. Gemun kuwa da robar ɗaurawa yake zuwa. Yakan ɗora robar a bayan kai, ya danne da hula, ya ɗan rage gashin da ke wajen baki da almakashi don kada ya shaƙe shi. In an gyara shi da kyau, gemun har amfani gare shi, yana ɗumama iskar da mutum ke shaƙa. Takalmi kuwa tsohon da ƙafa ta saba da shi ake sawa, mai kama ƙasa, saboda titi jiƙaƙƙe santsi gare shi.

Tsoka mai sanyi saurin ciwo take yi, shi ya sa ba za ka ga gwani tsaye ƙiƙam yana jiran busa ba. Yana 'yar sassarfa a wuri ɗaya, yana juya kafaɗu. In an tashi ba ya fizga da ƙarfi. Hanyar cike take da yara, da dattawa, da masu keken guragu, da iyaye masu tura jarirai. Yakan taƙaita taku, ya sa ido gaba, ya ba na kusa da shi hanya, ya amsa gaisuwar 'yan kallo. A nan ba a tambayar wa ya zo na ɗaya. Duk wanda ya kai ƙarshe lambar yabo na jiransa.

Ƙarshen gudu ma da nasa ilimi. Gwani ba ya tsayawa dogon ɗaukar hoto cikin jiƙaƙƙen kaya. Ya riga ya tanadi busasshiyar riga, ya sauya nan take, ya sha ruwa ko shayi mai zafi, don sanyi kan ɓoye ƙishirwa alhali jiki ya zubar da ruwa.

Mutumin da ya bar ɗumin bargo ya fito cikin wannan ɗari, ya yi shiri tsaf, ya faranta ran yaran gari, ya kuma tara abin taimakon wanda bai taɓa gani ba, ya cancanci a jinjina masa.