Land Rover mai injin Toyota ta fi wadda aka auna a sikeli

Akwai wata magana da ke yawo a bakin samarinmu masu sha'awar tsofaffin motoci, ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai sai na amayar. Wai duk Land Rover ɗin da aka sauke wa injinta na asali aka ɗora mata na Toyota ko Nissan, to ta tashi daga Land Rover. Wai an ɓata ta. Wai gara a bar ta a kafe har Allah ya kawo kayanta na orijina. Bi masu faɗin haka ɗaya bayan ɗaya, da wuya ka sami wanda ya taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota da sifana a hannu, ko ya taɓa yini a kasuwar Ƙofar Ruwa yana cigiyar fiston ɗin injin da ya girme shi. A waya suka ga Turawan Ingila suna goge MG da Jaguar da ƙyalle, suna leƙa lambar inji ko ta dace da ta takarda. Shi ke nan, sai suka kwaso hukuncin can suka kawo mana shi Gwarzo.

Haba 'yan orijina! Ku tsaya mu fara duba abin da muke da shi. Mu nan Madadi, da Getso da Lakwaya da Kutama har zuwa Kabo da Garo, ba mu gaji motar tsere ba. Mota mai kujera biyu wadda cikinta ke kusa da shafar ƙasa, ina za ta bi a hanyoyin ƙauyukanmu a watan Agusta? Abin da Ingila ta bar mana shi ne motar aiki: Land Rover ta Di'o da ta En'e, ta malaman gona da malaman dabbobi da 'yan sanda da asibiti, sai Bedford da Austin da suka yi jigilar gyaɗa da auduga zuwa Kano. Daga baya ƙasa ta juya. Ranar 2 ga Afrilu 1972 aka yi canjin hannu, muka koma bin dama, motocin da ke da sitiyari a dama suka zama baƙi a kan titin da aka saye su dominsa. A 1975 Peugeot ta fara fitowa daga Kaduna, kamfanin Leyland da ke harhaɗa Land Rover a Ibadan bai yi dogon kwana ba, motocin Japan kuma suka cika ƙasa. Kasuwar kayan gyara ta bi inda motoci suka yi yawa. Ba wani ne ya ƙulla wa Land Rover sharri ba, haka ciniki yake.

Ni kuwa ina son motar nan, so na gaske. A 1948 aka fara ƙera ta a Solihull, lokacin da ƙarfe ke wuya a Ingila bayan yaƙin duniya na biyu, shi ya sa aka yi bodinta da alminiyam. Duba ta da kyau: safaya a kwance a kan bonet, 'yan murafu biyu a ƙasan gilashin gaba da kake turawa iska ta shigo, wasu da rufi ninki biyu don kada rana ta dafa mutum. A ƙasa ga sanduna masu kai ja da rawaya. Ka danna rawaya, tayoyi huɗu su kama. Ka ja ja baya, ta shiga ƙaramar giya, ta fita daga taɓon da zai haɗiye akori-kura. Akwai gajera mai inci 88 tsakanin tayoyin gaba da na baya, akwai doguwa mai inci 109. Kuma Allah ya ba mu abin da Bature ba shi da shi. Can gishiri suke watsa wa titi lokacin ƙanƙara, tsatsa ta cinye shasi. Nan ƙasarmu busasshiya ce, sai ka tarar da motar da ta haura shekara arba'in shasinta na nan garau. Inji ne kawai ke gajiya.

To in inji ya buga, me ya rage? Ɗan orijina zai ce a yi odar kaya daga Ingila. Gaskiya ne kayan na nan, har yau ana ƙera su. Amma da fam ake saye, fam ɗaya kuwa ya daɗe da haura naira 1,500, ga kuɗin jirgi, ga kwastan, ga jira. Mai motar manomi ne ko direban janwe, da ita yake ci da iyalinsa. Sai ya ce bari ya jira kaka. Kaka ta zo ta wuce, taya ta sace, kaji su fara ƙwai a kan kujera, yara su fasa fitila. Wata rana ɗan gwangwan ya biyo da sikelinsa. Kuma ba motar da ɗan gwangwan ke so kamar wannan, domin alminiyam ya fi baƙin ƙarfe tsada a kilo. A yini guda za a daddatsa ta, bodi ya tafi wurin masu narka tukwane, shasi ya hau tirela zuwa kamfanin rodi. Ban ga laifin ɗan gwangwan ba, sana'arsa yake yi, kuma bai ƙwace ba, saye ya yi. Laifin na wanda ya hana a dasa inji ne da sunan kare asali. Ga asalin nan ya koma tukunyar biki.

Wannan shi ne abin da ke ƙona mini rai. Motar da aka ce kada a ɓata, ita ce ke ƙarewa a sikeli. Wadda aka ce an ɓata, ita ce har gobe take jan motar da ta mutu a titin Kano zuwa Gwarzo, take shiga rafi kwaso kayan lambu. Je ka tsaunin Mambila a Taraba ka ga tsofaffin Land Rover suna hawa da buhuna da mutane. Makanikai ne suka riƙe su da rai, da abin da hannunsu ya kai gare shi.

Abin da ya fi ba ni haushi ma, Turawan da ake kafa mana hujja da su sun riga mu wannan aiki. Samfurin farko na Land Rover, wanda Maurice Wilks ya sa aka haɗa a 1947, a kan shasin Jeep ta Amurka aka ɗora shi. Injin V8 da aka fito da Range Rover da shi a 1970, daga Buick ta Amurka kamfanin Rover ya sayi haƙƙinsa. A Ostireliya, a shekarun 1980, injin Isuzu na Japan kamfanin da kansa yake sa wa Land Rover, har da na sojojin ƙasar. A Afirka ta Kudu an yi Defender mai injin BMW. Daga 2007 kuwa har aka daina ƙera tsohuwar Defender a watan Janairun 2016, injin Ford Transit ne a cikinta. Wanne ne asalin a cikin waɗannan?

Ku dawo kan motocin tseren da kuke kallo a waya. AC Cobra da ake kashe dukiya a kanta yau, ƙaramar motar Ingila ce mai suna Ace wadda Carroll Shelby ya cusa wa injin Ford a 1962. Sunbeam Tiger ta 1964 ma haka aka yi ta. MGB da aka ƙera fiye da rabin miliyan a Abingdon tsakanin 1962 da 1980, wani bakanike ne mai suna Ken Costello ya fara dasa mata V8 a garejinsa yana sayarwa, sai a 1973 kamfanin ya bi sahunsa ya fito da tasa. Triumph Stag kuwa, injinta ya yi ƙaurin suna wajen ɗaukar zafi, masu ita da yawa suka sauke shi suka ɗora na Rover ko na Ford. A 2018, Jaguar E-type ɗin da Yarima Harry ya tuƙa da amaryarsa ranar bikinsu, an cire mata inji gaba ɗaya an mai da ita ta lantarki. In Shelby ya yi, gwani ne. In bakaniken Gwarzo ya yi da Land Rover, sai a ce ya ɓata mota. Wannan raini ne kawai, ba ilimin mota ba.

Kuma wallahi aikin ba wasa ba ne. Na tsaya na ga ana yi. A sayo injin Beljiyam, a rataye shi da sarƙa a kan ƙarafa uku, a sauke shi a hankali cikin ramin da ba don shi aka yi ba. Bakin giyabos ba zai dace da bayan inji ba, sai an yanka faranti mai kauri an huda shi daidai da notinan ɓangare biyu, kuma in tsakiyar ta goce ko da kaɗan ne, kuloci zai riƙa cinyewa, giya ta riƙa kuka. A sake kujerun inji da walda. A duba kada kaskon baƙin mai ya daki aksul ɗin gaba in an faɗa rami. A matsar da lagireto, a lanƙwasa sabuwar salansa, a sake wayarin. Maigidan gareji na tsugune yana auno da ido da zare, yaransa na miƙo sifana, babu zane, babu kwamfuta. Ranar da aka murza makulli ta tashi, ka ga fuskar mai motar. Wanda ya iya wannan ya cancanci a kira shi Malam, a kuma biya shi da daraja.

Gidan gado ma, in azara ta ruɓe ai ba a barin ɗaki ya rufta don kaka ne ya ɗora ta. A kan sauya, wani lokaci har a rufa kwano, gida kuma na nan da sunan mai shi.

Ga kuma maganar mai. Tsohon injin fetur mai lita biyu da kwata, ƙarfinsa bai wuce na doki saba'in da 'yan kai ba, amma shan mansa na babbar mota ne. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta kai ga taɓa dubu, wa zai iya ciyar da shi? Yanzu gwamnati da kanta ke kiran mutane su mai da motocinsu masu amfani da iskar gas. Ban ji ɗan orijina ko ɗaya ya ce an ɓata Corolla don an ɗora mata tukunyar gas a but ba.

To, akwai inda zan sassauta, ko da ba da son raina ba. Ƙarar tsohon injin daban take, in ya tafi ta tafi da shi, kuma ina jin kewarta. A kasuwar masu tara tsofaffin motoci ta duniya, mai injinta na asali ta fi kuɗi, har Stag ɗin nan da aka riƙa sauke wa inji, yau mai nata na ainihi ake nema. Motar da ke ɗauke da tarihin wani mutum ko wata masarauta, irin tsofaffin Rolls-Royce na gidan Sarkin Kano, wannan kam ko noti ba na son a sauya mata sai da irinsa. Amma Land Rover ɗin da ke bayan katangar wani Alhaji ba ta cikin wannan sahu. Aiki aka saye ta ta yi.

Makanikanmu ma ina da ƙorafi a kanku, kuma ba ƙarami ba. Ku ɗora inji mai ƙarfi, ku bar birkin ganga na da can yadda yake a tayoyi huɗu, ku miƙa wa yaro makulli ya hau kwalta da lodi. Wannan ganganci ne da rayukan mutane. Motar an yi ta ne don tafiyar hankali. Shaf ɗin tayar baya na tsofaffin nan yana karyewa ko da injinsa na gado in aka matsa masa, balle an ƙara masa doki. In za a dasa, a zaɓi injin da ƙarfinsa ke kusa da na da, a gyara birki da sitiyari a rana ɗaya da inji, a je a gyara lambar inji a takardun mota. Sannan don Allah a daina yanka shasi da wuta don kawai inji ya zauna da wuri. Abin da aka ɗaure da noti gobe ana iya kwance shi. Abin da aka yanka ya tafi.

Sai babban kuskuren da masu mota ke yi bayan an gama dashe: su sayar wa ɗan gwangwan tsohon injin don su rage kuɗin aiki. A nan ne nake son ganin 'yan orijina, in da gaske suke. Ƙannena, ga inda sha'awarku za ta yi amfani. Ku zagaya garejin Gwarzo da Kabo da Rimin Gado, ku tambayi injinan da aka sauke, ku taya kafin a ɗora su a sikeli. Ku rubuta lambar kowanne da lambar shasin motar da ya fito daga cikinta, ku tsiyaya baƙin mai a ramin fulogi, ku toshe kafofin da tsumma, ku ɗora shi a kan katako a cikin ɗaki inda ruwa ba ya zuba. In kun tara kuɗin odar kaya daga Ingila, ku yi masa ringi ku je ku nemi mai motar ku yi ciniki. Kafin nan ku bar Alhaji ya kai tumatirinsa kasuwa da injin Toyota.