Bangaskiya da Aiki: Sharhi a kan Wasiƙar Yakubu cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa

A ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa akwai Hausawa Kiristoci, galibinsu tsatson Maguzawa, waɗanda ke cin kasuwa ɗaya da Musulmi, kuma masifar 'yan bindiga ba ta bambanta su da maƙwabtansu ba. Littafin da ke tarbiyyantar da su shi ne Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fara fitowa a 1932 bisa jagorancin Dokta Walter Miller na Wusasa. Ɗalibin ilimi da ke son yi wa maƙwabcinsa adalci ya kamata ya san abin da littafin ke koya masa game da hali. Mafi kusancin mashiga ita ce Wasiƙar Yakubu, mai babi 5.

Jigon wasiƙar shi ne bangaskiya ba ta da rai matuƙar aiki bai gaskata ta ba. Marubucin ya kafa wannan da misalai na zahiri: kula da marayu da gwauraye, kame harshe, da barin fifita mai dukiya a kan talaka a wurin ibada. A babi na 5 ya tsawata wa masu gona da ke danne haƙƙin 'yan ƙwadago, gargaɗin da manomin Faskari zai gane ba sai an yi masa sharhi ba. Wannan ƙarfafawa a kan aiki ce ta sa Martin Luther ya rage darajar wasiƙar a 1522, domin shi ya rataya tsira ga bangaskiya kaɗai. Wanda ya karanci Risala ta Ibn Abi Zaid zai tuna saɓanin Ahlus-Sunna da Murji'a a kan shigar aiki cikin imani.

Amma kusancin ɗabi'a bai share bambancin aƙida ba. Wasiƙar ta kira Annabi Isa (AS) Ubangiji, abin da tauhidi bai yarda da shi ba. Ta kuma ce Ishaƙu ne Annabi Ibrahim (AS) ya yi niyyar yankawa, alhali mashhurin ra'ayi a wurin malaman Musulunci shi ne Isma'ila. Ta fuskar tsari kuma, nasihohinta a warwatse suke kamar jerin karin magana, ba su da tsararrun babukan littattafan akhlaƙ irin Ihya'u na Ghazali.

Saboda haka kuskure ne a ce Kirista ba shi da mizanin hali, kuskure ne kuma a ce addinan biyu ɗaya ne. Malamin da zai yi wa'azi a wannan yanki yana bukatar sanin duka biyun: abin da ya haɗa shi da maƙwabcinsa na gaskiya da amana, da abin da ya raba su na aƙida. Allah ne Mafi sani.