Dodo da Tarihinsa: Jigon Ramuwar Gayya a Katun ɗin Japan da Sharhin Masu Kallo a Talata Mafara, Bakura da Maradun

Gabatarwa

Sau da yawa jama'a sukan riga masana rungumar abu, su yi shekara da shekaru suna ma'amala da shi kafin a yarda ya cancanci a kawo shi gaban taro irin wannan. Haka aka yi da littattafan soyayya na Kano, haka kuma aka yi da finafinan bidiyo. Yanzu ga katun ɗin Japan, watau abin da masu kallonsa suke kira anime. A wannan takarda za mu ɗauki uku daga cikin labaran da samari suka fi bi, mu auna yadda kowane ya warware jigo guda, watau ramuwar gayya, sa'an nan mu dubi abin da yake saura na wannan jigo idan labarin ya isa majalisa a Talata Mafara da Bakura da Maradun. Duk wanda ya san halin da ƙasar Zamfara ta shiga cikin 'yan shekarun nan ba zai tambaye mu dalilin zaɓen jigon ba.

Yadda labarin yake isowa

Katun ɗin Japan ba baƙo ba ne a Nijeriya. Waɗanda suka tashi da talabijin a shekarun 1980 da 1990 za su tuna da Voltron, mai zakuna biyar na ƙarfe da suke haɗuwa su zama ƙato guda. A Amurka aka sake masa tsari a 1984, amma asalinsa aikin kamfanin Toei ne na Japan na 1981. Bambancin da da yanzu shi ne, a da yaro yakan ga abin da aka sa masa ne, yanzu kuwa shi yake bin sawun labari kashi-kashi. A Japan galibi mako-mako ake sakin kashi guda mai tsawon kamar minti 24, kuma sababbin labarai sukan fara ne a watannin Janairu da Afrilu da Yuli da Oktoba.

A garuruwan nan uku babu maganar sinima, domin tun da aka ƙaddamar da shari'a a zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, a 1999 zuwa 2000, aka rufe gidajen sinima na jihar. Waya ce majigin kowa. Mai hali ya sayi data ya sauko da kashin da kansa, wanda ba shi da hali ya je shagon masu tura finafinai, inda ake tura fassarar Algaita ta finafinan Indiya da shirye-shirye irin su Labarina da Izzar So, a zuba masa a memori. Ɗalibai, musamman na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, su ne a gaba, don su ne suke iya bin rubutun Turanci da yake gudu a ƙasan hoto. Sauran sukan kalli hoton, su jira bayani daga bakin wanda ya karanta. Wannan mai bayani shi ya kamata manazarcin adabin baka ya sa wa ido, domin a bakinsa ne labarin Japan yake zama labarin Hausa.

An ga ƙarfin wannan al'ada a 2021. A farkon watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a duk faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka kuma dakatar da kasuwannin mako. Gusau ta sami layi a farkon Oktoba, sauran sassa kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba aka ba da umurnin buɗewa. A cikin wannan tsakani ne zango na biyu na Demon Slayer ya fara, ran 10 ga Oktoba, One Piece kuma ya cika kashi 1000 a watan Nuwamba. Wanda ya dawo daga Sakkwato ko Funtuwa da sabon kashi a waya ya zama tamkar fatake na da, masu dawowa da goro da labari.

Dodon da ake ji wa tausayi bayan an sare shi

A tatsuniyoyinmu, ko waɗanda Frank Edgar ya wallafa tsakanin 1911 da 1913, ko waɗanda Ibrahim Yaro Yahaya ya wallafa a Tatsuniyoyi da Wasanni, Dodo ba shi da tarihi. Ba a gaya mana abin da ya mai da shi Dodo. Yana cin mutane don shi Dodo ne, in an kashe shi an huta, ƙurunƙus. Sabon abin da katun ɗin Japan ya kawo wa mai sauraro Bahaushe shi ne Dodo mai uwa da uba.

Demon Slayer na Koyoharu Gotouge, wanda aka fara nunawa a 2019, shi ya fi kusa da zubin tatsuniya. Tanjiro yaro ne mai sayar da gawayi. Ya kwana a hanya, ya dawo da safe ya tarar an kashe mahaifiyarsa da ƙannensa, ƙanwa guda da ta tsira, Nezuko, an mai da ita irin waɗanda suka yi kisan. Dodannin da dare suke fita, rana tana ƙone su, kuma kowanensu a da mutum ne. Salon marubucin shi ne ya nuna mana rayuwar dodon ta baya a daidai lokacin da yake mutuwa. Alal misali Rui, dodon gizo-gizo, yaro ne da ya taso da ciwo, ya karɓi dodanci don ya warke, ya ƙare da kashe iyayensa. Bayan an sare shi, Tanjiro ya ɗora hannu a kan rigarsa don tausayi, ya kuma hana Giyu taka ta.

Wurin yana da taɓa zuciya ƙwarai, kuma zanen kamfanin Ufotable ba shi da na biyu. Amma a ma'aunin tarke wannan tausayi mai araha ne. Kan ya riga ya faɗi kafin tarihin ya zo, saboda haka tarihin bai hana komai ba, bai kuma jawo wa tauraro wata asara ba. Daɗin daɗawa, an tara duk laifin a kan mutum guda, Muzan, wanda in an gama da shi an gama da matsalar. Watau dai Dodon tatsuniya ne aka ɗaga shi sama da taki guda.

Sulhun da matattu suka tashi

Naruto na Masashi Kishimoto ya fi wancan ƙarfin hali. Labari ne doguwa, kashi 220 tsakanin 2002 da 2007, sa'an nan kashi 500 tsakanin 2007 da 2017, kuma da yawa daga ciki ciko ne kawai da mai kallo mai wayo yakan tsallake. Abin da ya shafe mu shi ne babin Nagato, wanda aka fi sani da Pain. Yana yaro, a lokacin yaƙi, mayaƙan garin su Naruto suka shiga gidansu neman abinci, suka kashe iyayensa bisa kuskure. Ya girma ya kashe Jiraiya, malaminsa kuma malamin Naruto, ya zo ya rusa garin baki ɗaya. Da Naruto ya yi galaba ya isa gare shi, sai ya zauna ya saurari tarihinsa, ya ƙi kashe shi.

A nan tarihin ya zo kafin takobi, ya kuma tsai da shi. Wannan ci gaba ne a kan Demon Slayer, ko da yake Naruto ya girme shi. Inda marubucin ya gaza shi ne abin da ya biyo baya: Nagato ya yi nadama, ya ba da ransa, ya ta da duk waɗanda ya kashe a harin garin. Jiraiya bai dawo ba, kuma wannan ne kaɗai ya bar wa yafewar nauyi. Amma ga mutanen gari, sulhun ya zo kyauta. Mai kallo a Maradun ko Bakura ya ga sulhu da idonsa, domin a 2019 gwamnatin Bello Matawalle ta zauna da 'yan bindiga, kuma ya san ba a taɓa yin zaman da aka tashi aka mayar wa uwa da ɗanta daga kabari ba. Tambayar da take cin mutanen yankin, watau yadda za a zauna kasuwa guda da wanda ya yi kisa alhali gawa tana nan gawa, ita ce marubucin ya kewaye.

Ganuwa da daji

Attack on Titan na Hajime Isayama, wanda aka nuna daga 2013 zuwa 2023, shi ne a ganinmu ya riƙi jigon da hannu biyu, don haka za mu daɗe a kansa. Ya fara kamar tatsuniya: mutane a cikin ganuwa uku, kowace tsawon mita 50, a waje kuma ƙattai masu cin mutane. Bahaushen da ya san birni da ganuwa da ƙofa ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan hoto. Ƙofa ta karye, Eren yana kallo aka cinye mahaifiyarsa, ya rantse sai ya ƙarar da su. Mai kallo yana tare da shi ɗari bisa ɗari.

Sa'an nan marubucin ya shiga zare ƙasa daga ƙarƙashin ƙafar mai kallo. Ƙattan mutane ne, kuma jinsin su Eren ne. Waɗanda suka karya ƙofar yara ne, abokansa na bariki, da wata daula mai suna Marley ta horar ta turo, bayan ta tsare iyayensu a unguwar ƙasƙanci tana cusa musu cewa kakanninsu ne suka zalunci duniya. A zangon ƙarshe aka mai da mu can ƙetaren teku, muka zauna da waɗannan yara, har ranar da Eren ya faɗo musu a tsakiyar taro kamar yadda aka faɗo wa garinsu. Wanda muka yi shekara bakwai muna mara wa baya ya zama Dodon wasu.

Ƙolin warwarar jigon ba a fagen yaƙi yake ba, a ɗakin cin abinci yake. Gabi, yarinya daga Marley, ta harbe Sasha don ramuwar abin da aka yi wa garinsu. Ba da sani ba ta faɗa hannun iyayen Sasha, suka ciyar da ita kamar 'yarsu. Da asiri ya tonu aka miƙa wa uban wuƙa. Shi kuwa maharbi ne, ya san daji. Ya ƙi taɓa ta, ya kwatanta duniya da dajin da ake kashe-ko-a-kashe-ka, ya nuna cewa fitar da yara daga cikinsa nauyi ne a kan manya. 'Yarsa ba ta tashi ba. Ba a kuma nuna mana ya daina kuka ba. A farkon watan Maris na 2021 aka saki wannan kashi, 'yan kwanaki bayan an sako 'yan mata 279 da aka sace daga makarantar Jangebe, a Ƙaramar Hukumar Talata Mafara, aka shiga daji da su. Isayama bai san Jangebe ba, kuma ba muna cewa rikicin Zamfara da na labarin abu ɗaya ne ba. Muna dai cewa kalmar daji tana da wani nauyi a kunnen wanda ya ji ta a wannan mako a wannan wuri.

Labarin bai tsira daga aibi ba. Bayan Eren ya hallaka kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya, ƙarshen ya yi masa sassauci fiye da kima, abokansa suna kuka a kansa, waɗanda aka tattake kuwa suka zama adadi kawai.

A majalisa

To, me yake isa majalisa daga duk wannan? Abin da muka lura da shi, a zaman da muka yi da samari a bakin shagunan cajin waya, shi ne sharhin yakan karkata ga gardamar ƙarfi: wa zai kā da wa, Naruto ko Luffy, wa ya fi Levi iya takobi. Sai kuma hani ga wanda ya riga kallo kada ya ɓata wa mutane labari. Wannan ba abin zargi ba ne, domin ko masu sauraron Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa bajintar suka riƙe, kuma jan rai da a dakata sai gobe tsohuwar dabara ce da aku ya yi wa Musa a Magana Jari Ce.

Abin da ya dame mu ya fi haka. Faɗa hoto ne, kowa yana ganinsa. Tarihin abokin gaba kuwa magana ce, tana cikin rubutun Turanci, sai ta bi ta bakin mai bayani, shi kuma yakan taƙaita ta da cewa nan surutu ne suke yi. Saboda haka Dodon da marubuci ya wahala ya yi wa tarihi yakan iso majalisa tsirara, kamar na tatsuniya. Mun tarar Gabi ita ce abar ƙi, Eren kuwa gwarzo har ƙarshe, kuma hujjar ba ta wuce a ce wanga yaro uwatai anka kashe gabanai, mi kaka so shi yi. Hujja ce mai ƙarfi. Ita ce kuma Nagato ya kawo, ita ce Gabi ta kawo, kuma ita ce ake ji daga kowane ɓangare na rikicin da ya hana noma a wasu gonakin Bakolori. Kaɗan ne suka kawo mana zancen mahaifin Sasha da kansu, waɗannan kuwa duk masu karanta rubutun ne.

Wannan ya buɗe wa sassan Hausa na jami'o'inmu aiki iri biyu da ba a taɓa haɗawa ba, watau ɗaukar maganar mai bayani a naɗe a nazarce ta kamar yadda aka yi wa masu tatsuniya, da kuma duban abin da fassarar Hausa mai kyau za ta iya ceto daga maganganun da ake tsallakewa. Akwai ma abin da ba ya bukatar fassara amma yana ɓacewa. A kashin ƙarshe na Attack on Titan, na watan Nuwamba 2023, an nuna garin su Eren ya bunƙasa bayan shekaru masu yawa, sa'an nan jirage suka zo suka yi masa ruwan wuta, daga baya wani yaro da karensa suka iso gindin itacen da aka binne Eren. An sa wannan ne a lokacin da sunayen ma'aikata suke wucewa, kuma yawancin waɗanda muka tambaya sun ce da sunaye suka fara hawa suka kashe waya don tattalin caji.