Kafin ka biya kuɗin kayan ɗaki, tambayi sunan iccen

Wata ƙanwata da aka kai ɗakinta kusa da Ƙofar Doka, damina biyu kacal gadonta ya gani. Ruwa ya ɗan kwanta a tsakar ɗaki dare guda, ƙafafun gadon suka kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, fatar da aka manna musu ta ɗaye, gari ya fara zuba. Amma a zauren gidanmu har gobe akwai bencin maɗaci da kakanmu ya sa aka yi masa. Jikoki sun yi tsalle a kai, almajirai sun kwana a kai, ko motsi ba ya yi.

Abin da ke damuna ke nan da yayin da ake yi yanzu a birnin Zazzau. Uba zai sayar da gona ko ya ci bashi don kayan ɗakin 'yarsa, ya je wurin kafinta da hoto a waya, ya ce irin na Turkiyya yake so. Za a yi ciniki kan launi da madubi da ƙyalli, amma ba mai tambayar da wane katako za a yi. Sai a yanko allon MDF, wanda garin katako ne aka cuɗa da gam aka danne, a lulluɓe shi da fata mai sheƙi. Ranar jere kowa ya yaba, bayan shekara uku kuma ƙusa ta daina kama shi.

Mu Zagezagi bai kamata a koya mana wannan darasi ba. Lokacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, azarar giginya ya ɗora wa nauyin bakan gizonsa, domin ya san gara ba ta cin ta. Masassaƙanmu ma kowane icce sun san aikinsa: ƙirya ta turmi ce, aduwa ta allo. Tun ran gini ran zane.

Na san masu cewa katako mai kyau ya yi tsada, kuma gaskiyarsu. An kwashe madobiyar dazukanmu zuwa ƙasar Sin har sai da yarjejeniyar CITES ta sa mata takunkumi a 2017, daga baya kawo da maɗaci suka bi sahu a 2022. Ba na kiran a ƙarasa sare abin da ya saura. Malaina tana nan, shuka ta ake yi, tana saurin girma, kuma idan ta bushe sosai ta wadatar wajen gado da sif. A bar maɗaci da kawo ga ƙofa, ƙafar kujera da duk inda nauyi ke sauka.

Bushewar ita ce magana. Ɗanyen katako, ko na maɗaci ne, da hunturu ya busa za ka ji shi yana tsagewa cikin dare, ƙyauren sif ya karkace ya ƙi rufuwa. Don haka ka bi kafinta zuwa 'yan katako. Ɗaga falanki ka ji nauyinsa, ƙwanƙwasa shi: busasshe yana amsawa ras, ɗanye kuwa muryarsa a daƙushe take, jikinsa da sanyi. Ka leƙa aikin kafin a shafa fenti, domin fenti mai rufa asiri ne.

Kafintocinmu ba su rasa gwaninta ba, abin da muke biya suke yi mana. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In kuɗin bai kai saiti guda ba, a yi wa yarinya gado da sif na icce na gaske, sauran su biyo baya a hankali. Gara ta shiga ɗaki da kaya biyu da wata rana za ta nuna wa 'yarta ta ce, wannan Baba ne ya yi mini.