Rodney Mullen, Sarkin Daɓe

Jama'a, ku ƙyale ni in yabi mutumin nan har bakina ya gaji. Duk wanda ya taɓa ƙone datarsa wajen kallon bidiyon sket, daga Zurmi zuwa Ƙauran Namoda har Shinkafi, ya san Tony Hawk, kuma ba na ja, Tony gwani ne. Amma in ana batun wanda ya aza harsashin kusan kowace dabara da yara ke yi da allon nan mai taya huɗu a kan titi, to Rodney Mullen ne. Babu na biyunsa.

An haife shi ranar 17 ga Agusta 1966 a Gainesville, jihar Florida ta Amurka. Mahaifinsa likitan haƙori ne, mutum mai tsauri, wanda ya ɗauki sket a matsayin wasan 'yan iska da karayar ƙashi. Da ƙyar ya amince a farkon 1977, shi ma da sharaɗi: yaro zai riƙa sa kariyar gwiwa da ta hannu, kuma ranar da ya ji mummunan rauni, ranar wasa ya ƙare. Daga baya suka koma gona a bayan gari, inda babu gangara, babu kwarin siminti irin na Kalifoniya, sai daɓen gareji. To a nan ne nake jin mutumin nan namu ne. Mu da yashi ya kewaye, mu da ba mu da filin sket ko ɗaya, sai barandar makaranta da daɓen gaban shago, ga wanda ya nuna cewa shimfiɗaɗɗen siminti mai faɗin ɗaki ya isa a girgiza duniya.

Ya kuwa girgiza ta. A 1980, yana ɗan yaro siriri mai kunya, ya je San Diego ya kayar da Steve Rocco, zakaran firistayil na lokacin, wato wasan dabaru a kan shimfiɗaɗɗen daɓe. Stacy Peralta ya sa shi cikin Bones Brigade, ayarin su Tony Hawk da Steve Caballero da Lance Mountain. Cikin gasa 35 da ya shiga ya cinye 34. Ɗayar da ta kuɓuce masa Per Welinder ne ya ɗauka. Ɗaya tak!

Amma ku bar batun kofi, mu zo kan oli. Alan Gelfand ne ya fara tashi sama da allo ba tare da ya riƙe shi da hannu ba, sai dai shi a bakin kwari yake yi, inda gangara ke cilla mutum. Rodney ya sauko da abin kan daɓe a farkon shekarun 1980. Ku rage gudun bidiyon ku kalli ƙafafunsa: ta baya ta daki wutsiyar allo a ƙasa, allo ya zabura, gefen ta gaba ya goga sama zuwa hanci ya daidaita shi, sai ga mutum da katako a iska kamar an liƙe su, ba igiya, ba ƙusa. Daga ranar da wannan ya yiwu, matakala da dakali da ƙarfen baranda duk suka zama filin wasa. Bai tsaya nan ba. Ya kawo kikfilif, inda ɗan yatsan ƙafa ke tsinkar gefen allo ya wuntsila kamar yadda mai tuya ke juya masa a tanda, ya dawo ƙarƙashin ƙafa daidai wa daida. Ya kawo hilfilif da dunduniya, ya kawo 360 filif, ya kawo imfosibul, wadda allo ke naɗe ƙafar baya ya zagayo. Dukansu daga kan yaro ɗaya, mai shiru-shiru, mai nazari, mai naci, wanda ya shiga Jami'ar Florida karatun injiniya kafin sket ya janye shi gaba ɗaya. Wallahi abin ya wuce misali.

Inda ya ƙara kwanta mini a rai shi ne lokacin da kasuwarsa ta watse. Wajen 1990 firistayil ya mutu murus, samari suka koma sitirit, wato wasan titi, suna amfani da dabarunsa suna kallonsa tsohon yayi. Wani da sai ya rataye allo. Mike Ternasky, mai kamfanin Plan B, ya lallashe shi ya canza allo ya fito titi, zakaran duniya ya koma ɗan koyo. Sakamakon yana cikin Questionable na 1992 da Virtual Reality na 1993, bidiyoyi biyu masu daɗi, masu rikita ƙwaƙwalwa, masu sa ka tsayar ka mayar baya ka sake tsayarwa. Dakslaid fa? Allo a kife, tayu suna kallon sama, shi yana tsaye a kan cikinsa yana zamewa bisa dakali, sannan a ƙarshe ya juyo shi ya dira a kan taya ya wuce abinsa, fuska ba ko alamar fariya. Ko firimo, yana tafe a tsaye kan gefen allo, tayu a kwance. Kai! Ternasky ya rasu a haɗarin mota a 1994, kuma har yau Rodney in yana maganarsa sai ka ji muryarsa ta canza.

Sai karawarsa ta bidiyo da abokinsa Daewon Song, wadda aka fara a 1997, aka yi zagaye na biyu a 1999, na uku, Round Three, a 2004 ƙarƙashin kamfaninsu Almost. Ni ɗan ɓangaren Rodney ne, ban ɓoye ba, ko da yake Daewon ma ba kanwar lasa ba ne.

Ƙorafina biyu ne. Na farko, tsofaffin bidiyoyin nan dishi-dishi suke, in netwok ya yi halinsa ma sai ƙafar da kake son gani ta narke cikin hoto. Na biyu a kansa yake: mutumin nan ya cika ɓuya. Da tsakar dare yake fita wasansa, shi kaɗai, ba kyamara, ba 'yan kallo, mu masoya an bar mu da ƙishirwa. Ko da ƙugunsa ya sandare bayan shekaru na wahala, a ɓoye ya yi ta fama da shi, ya sake koyon tsayuwa a kan allo tun daga tushe, sai a 2016 ya leƙo da ɗan gajeren fim ɗin Liminal, yana dab da shekara 50, da sababbin dabaru a ƙafarsa.

Da sket ya shiga gasar Olamfik a Tokyo a 2021, na yi ta jira masu sharhi su riƙa kiran sunansa a kowane juyi. Yuto Horigome na Japan ya ɗauki zinare da dabarun da suka tsiro daga olin daɓe. Rayssa Leal ta Brazil, 'yar shekara 13, ta ɗauki azurfa, kuma bidiyon da ya fito da ita duniya tana 'yar shekara 7 hilfilif ne ta yi a kan matakala. Dabarar Rodney ce!

Wanda bai taɓa ganinsa ba, kada ya fara da guntayen da ake yankawa a TikTok. Ya nemi cikakken ɓangarensa na Round Three, ya sauke shi cikin dare lokacin da data ke araha, ya tura wa abokai ta Xender, ku zauna ku kalle shi a hankali. Sai mun haɗu mu yi musu a kan wace dabara ce ta fi.