Rawar Uzume a Bakin Kogo: Abin da Dandamalin Japan Ya Ɗauka da Abin da Ya Bari

Masu tarihin wasan kwaikwayon Japan sukan kai salsalarsa ga wata rawa da aka taka a bakin kogo. Labarin yana cikin Kojiki, wanda aka kammala a 712, da Nihon Shoki na 720, watau tsofaffin littattafan nan biyu da suka tattara hikayoyin allolin Shinto. Amaterasu, allahiyar rana, ta fusata da ɓarnar ƙanenta Susanoo, wanda ya rushe mata gonakin shinkafa, ya kuma jefa feɗaɗɗen doki cikin ɗakin saƙarta. Sai ta shige kogon dutse ta toshe ƙofa, duniya ta yi duhu dunɗum. Da alloli suka taru neman mafita, wata allahiya mai suna Ame-no-Uzume ta kife wani baho, ta hau tana dirka ƙafa har iska ta hau ta, ta yaye tufafi ƙirjinta ya bayyana. Alloli suka kece da dariya. Amaterasu ta leƙo don ta ga abin da ake yi wa shewa alhali babu rana, aka tara mata madubi, ƙaƙƙarfan nan Tajikarao ya fizgo ta waje.

Abubuwa uku suka haɗu suka ɓamɓare ƙofar nan: amon ƙafa a kan kifaffen baho, da jikin mace, da dariyar taro. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa dandamali ya riƙe na farko gam, ya yi wa sauran biyun riƙon sakainar kashi.

Zeami, wanda ya daidaita wasan No, ya kafa hujja da wannan hikaya a cikin Fushikaden, littafin da ya soma rubutawa wajen 1400, inda ya mayar da asalin sana'arsu ga zamanin alloli. Gadon da No ya ci kuwa a fili yake. Dirka ƙafa ginshiƙi ne na rawarsa, har bisa al'ada akan jera manyan tuluna a ƙarƙashin dandamali don katako ya amsa amo. Duk wanda ya san labarin, da wuya ya ji wannan amo bai tuna da bahon Uzume ba. Amma ƙarni bayan ƙarni namiji ne ke dirka ƙafar, fuskarsa rufe da sassaƙaƙƙiyar fuskar mace, yana tafiya a natse kamar ba ya son taɓa ƙasa. A wasan Ema, inda ake maimaita ɓuyan rana da fitowarta, girma da kwarjini su ne kan gaba. Dariya an ba wa Kyogen ajiyarta, watau gajerun wasannin barkwanci da akan sa a tsakani. Sai a 1948 aka karɓi mata a ƙungiyar ƙwararrun No.

Haka abin yake a Takachiho ta lardin Miyazaki, inda ake kwana ana rawar Kagura kashi 33 daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Rawar Uzume a can tattausa ce, mai yanga, kuma tun da can maza ne masu taka ta. Kyaunta ba abin musu ba ne, sai dai da wuya ta sa wadda ta kulle kanta don fushi ta leƙo.

Tarihin Kabuki ya fi ban mamaki. Mace ce ta ƙago shi, Okuni, wadda ake cewa mai hidimar wurin bauta na Izumo ce. Ta yi tashe a Kiyoto wajen 1603 da raye-raye masu barkwanci da tsokana, har takan yi shigar maza. A ganin mai nazari, a nan ne abubuwa ukun suka sake haɗuwa. Ba su daɗe tare ba: a 1629 gwamnatin Tokugawa ta hana mata hawa dandamali bisa dalilin kare tarbiyya, aikinsu ya koma hannun onnagata, mazan da suka ƙware wajen fitowa a mata.

Wannan tarihi shi ya ba wasan Amaterasu na 2006 armashi. Bando Tamasaburo, shahararren onnagata, shi ya fito a matsayin allahiyar rana, tare da makaɗan Kodo na tsibirin Sado. Amon baho ya zama na manyan tambura, kuma an mayar wa mace rawar Uzume. Da aka sake wasan a 2013, wadda ta taka ta daga Takarazuka ta fito, ƙungiyar da mata zalla ke wasa a cikinta, can kuma a namiji aka saba ganinta. Ke nan namijin da ya ƙware a mace ya ɓuya a kogo, macen da ta ƙware a namiji ta yi rawar da ta fito da shi.